Kewayen Tintern: Hawan Ya Wuce Yadda Takardar Ta Faɗa

Takardar jagorar da muka saya ta ce tafiyar "matsakaiciya" ce. Wanda ya rubuta wannan kalma ko dai ƙafar akuya gare shi, ko kuma bai taɓa hawan tudun nan bayan ruwan sama ba. Ni da ƙanena muka yi kewayen a watan Oktoba, muka tashi daga ƙauyen Tintern da ke bakin kogin Wye a Birtaniya, inda kufan wani tsohon gidan ruhubanawan Kirista yake, muka dawo inda muka ajiye mota bayan awa huɗu da 'yan kai. Wayata ta ƙirga kusan kilomita 9. Takardar ta ce awa uku sun isa.

Kogin nan shi ne iyaka a wannan yanki: gaɓar da ƙauyen yake Wales ce, ɗaya gaɓar Ingila. Ana tsallakawa ta wata tsohuwar gadar ƙarfe da aka gina a 1876 don layin dogo ya kai ga masana'antar waya, wadda ta yi aiki a kwarin tun shekarun 1560. Yanzu ƙafa kaɗai ke takanta. A kan gadar muka fara cin karo da abin da takardar ba ta ambata ba sam, wato ruwan yana tafiya ta baya. Ƙanena ya tsaya ya ce, "Yaya, anya taswirar nan ba juye ka riƙe ta ba?" Ashe tumbatsar teku ce ke turo ruwa daga bakin kogin Severn har ta wuce Tintern. Da muka dawo da yamma ruwan ya ja, ya bar gaɓa biyu na laka mai sheƙi, sai ka ce wani kogin ne daban.

Daga gadar sai hawa. Hanyar na bi ta cikin kurmi, duwatsun farar ƙasa da saiwoyin itatuwa su ne matakala, kuma ganyen da ya zuba ya rufe su duka. Sau biyu santsi ya kwashe ni. Takalmin da na sa na yawon gari ne, wannan kam laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma akwai wata mararraba a tsakiyar hawan inda takardar ta ce "bi hanyar da ta fi fitowa fili", alhali hanyoyi biyu ne kuma duk a fili suke. Muka ɗauki ta dama, muka ɓata minti ashirin kafin muka gane. Shawarata a nan ita ce a rabu da takarda a bi alamun da ke jikin turaku: kibiya rawaya ta hanyar ƙafa, da allunan da aka rubuta Devil's Pulpit.

Ma'anar sunan Mumbarin Shaiɗan. Wani tsinin dutse ne da ya fito daga bakin gangare, kuma tatsuniyar mutanen wurin ta ce a kansa Iblis yake tsayawa yana yi wa ruhubanawan da ke ƙasa huɗuba don ya janye su daga ibada. To, da na samu numfashina ya dawo na leƙa ta tsakanin rassan, sai na gane dalilin da ya sa aka tsara kewayen haka. Daga ƙasa, kufan gidan ruhubanawan bango ne kawai mai tsawo a gefen titi, motoci na wucewa. Daga sama kuwa ka ga abin gaba ɗaya: majami'a marar rufi a kwance cikin siffar gicciye, kogin ya lanƙwasa ya rungume ta, tuddai sun rufe ta ko'ina. Mutanen da suka zo daga Faransa a 1131, bisa gayyatar Walter de Clare mai mulkin garin Chepstow, 'yan ɗarikar Sistashiyan ne, masu neman wurin da ba kowa, mai ruwa da ƙasar noma. Ba sai an yi maka bayani ba, idonka zai nuna maka abin da suka gani suka zauna. Mun fi rabin awa a wurin. Akwai wata tsohuwar bishiya a bayan mumbarin da saiwoyinta suka tsaga dutse suka naɗe shi, har ba ka iya cewa ga inda itace ya ƙare dutse ya fara. Ƙanena ya fi ɗaukar hotonta fiye da kufan.

Daga nan hanyar ta haɗe da ganuwar Offa, tudun ƙasa da rami da ake dangantawa da Offa, sarkin tsohuwar masarautar Mercia ta Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Kada ka sa ran ganin wani gini. In ba an faɗa maka ba, za ka ɗauka gefen gona ne da ciyawa ta cinye. Abin da ya burge ni shi ne hanyar ƙafar da ke bin ta, wadda aka buɗe a 1971, tsawonta kilomita 285 ne, daga wannan kudanci har bakin teku a arewacin Wales. Mu ɗan guntu muka taka muna haki.

Gangarowa zuwa Brockweir ta fi cin gwiwa fiye da hawan, kuma filayen kiwon da ake ratsawa caɓi ne zalla a bakin kowace ƙofa, inda dabbobi ke taruwa. Ƙauyen kansa ƙarami ne, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, amma a da tashar jiragen ruwa ce: manyan jirage na tsayawa nan a sauke kaya zuwa ƙanana masu iya haurawa sama. An ce wurin ya yi ƙaurin suna wajen shaye-shaye da rigima, har aka gina majami'ar Morabiyawa a 1833 don a shawo kan jama'a. Tana nan fara fat a bakin ruwa. Gadar ƙauyen ta 1906 ce ta mayar da mu Wales.

Ragowar tafiyar shimfiɗaɗɗiya ce a bakin kogi, ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta daina ɗaukar fasinja a 1959. Wurin hutawa ne mai kyau. Sai dai akwai ɗan yanki a ƙarshe da dole ka bi gefen babban titi, kuma bayan awa uku na shirun daji ƙarar motocin ta ɓata min rai.

Takardar ta ba da shawarar a fara shiga kufan kafin a kama hanya. Ban yarda ba. Mun bar shi ƙarshe, muka biya kuɗin shiga da takalma duk laka, kuma hakan ya fi. Na tsaya a tsakiyar majami'ar da aka sake ginawa tun daga 1269, ciyawa a ƙarƙashin ƙafata, sararin sama a inda rufi yake kafin Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan a 1536 aka kwashe darmar saman aka sayar. Ta cikin babbar tagar gabas, wadda babu ko ƙwayar gilashi a jikinta, ana hango tudun da muka sauko daga kansa. Ƙanena ya yi ta nuna min da yatsa wai ga mumbarin can. Ni dai itatuwa kawai na gani.

Wanda gwiwarsa ke ciwo ya tsaya a hanyar bakin kogi zuwa Brockweir ya dawo. Mai lafiyar ƙafa ya sa takalmi mai haƙora, ya ɗauki ruwa da sanda, ya ƙara awa ɗaya a kan duk abin da takarda ta ce, kuma ya fara da hawan tun da sauran ƙarfinsa.