Gargaɗi ga jama'ar Zango a Kumasi: ku yi hattara da dillalin da ke riƙe da mai saye da mai sayarwa shi kaɗai

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line, Tafo Zango da sauran unguwanninmu, da ku da ke Italiya, Jamus, Amurka ko Saudiyya kuna turo kuɗi gida. Ina roƙon duk mai shirin sayen fili ko gida, ko sayar da nasa, ya karanta wannan kafin ya fitar da ko sidi ɗaya. Akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a harkar filaye har mun daina ganin ta a matsayin cuta. Dillali ɗaya, ko ejan kamar yadda muka saba faɗa, shi ne wakilin mai sayarwa, shi ne kuma wakilin mai saye, sannan ba ya taɓa bari su biyun su ga juna.

Dillanci sana'a ce ta halal, kuma muna da dattawan da suka tsufa a cikinta ba a taɓa jin kansu da kowa ba. Ba da su nake ba. Ina magana ne a kan wanda ya gane cewa ribarsa tana cikin rashin haɗuwarku.

Mai sayarwa ya zaunar da shi ya faɗa masa cikinsa: kuɗin asibiti ne ya taso, ko ana so a raba gado, ga kuma mafi ƙarancin abin da zai iya sallamawa. Mai saye shi ma ya faɗa masa nasa: ga iyakar abin da ke hannunsa, hutunsa ya kusa ƙarewa, yana so ya ga an kafa harsashi kafin ya koma. Sirri biyu ke nan a hannun mutum guda, kuma kowane ɗaya makami ne a kan wanda ya ba da shi. Wakilin mai sayarwa aikinsa ya ɗaga farashi. Wakilin mai saye aikinsa ya sauke shi. Ta yaya mutum ɗaya zai yi duka biyun da gaskiya a ɓoye?

Duk wanda ya taɓa neman fili a wajajen Kenyasi, Abuakwa ko hanyar Ejisu ya san irin zaman. Kuna tsaye a bakin fili, ka taya, sai ya ciro waya ta biyu daga aljihun riga, ya zagaya bayan mota, ka ji yana Tonanci, wato yaren Asante, ƙasa-ƙasa. Ya dawo yana girgiza kai: "Alhaji, mai filin ta ce albarka. Wai akwai wani boga, irin 'yan gida mazauna Turai, da ya taya sama da haka, amma na roƙe shi ya jira ka zuwa Juma'a, don kai namu ne." Da yamma kuma yana zaune a tsakar gidan mai filin yana cewa: "Hajiya, gari babu kuɗi. Mutumin nan da ƙyar na riƙe shi, in kika bari ya tafi sai wata shekarar." Babu wani boga, kuma wataƙila babu wanda ya ɗauki waccan wayar.

A ƙaddara mai fili ya sallama a kan sidi 200,000. Dillali ya ce wa mai saye 260,000 ne, ba ragi. Ya ɗora 60,000 ke nan wadda ba wanda ya san da ita. Sannan ya karɓi la'adar kashi 5 cikin ɗari, wadda aka saba bayarwa a cinikin fili, daga kowane ɓangare: 10,000 a wajen mai fili, 13,000 a wajen mai saye. Ya tashi da 83,000 a fili ɗaya, kowa na sa masa albarka. Don asirin ya rufu, dole kuɗi su bi ta hannunsa, dole kuma farashin da aka rubuta a takarda ya saɓa da wanda aka biya. Shi ya sa za ka ji ya ce a rage adadin a takarda wai don a sauƙaƙa maka haraji. Ranar da rigima ta kai kotu, abin da ke rubuce shi ne kuɗinka.

Da abin ya tsaya a ɗori, da an ce asara ce mai iyaka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardu. Dillali ba ya samun komai sai ciniki ya faɗa, don haka duk wani aibi da zai sa ka fasa, maslaharsa ita ce kada ka ji shi. Filin yana kan hanyar ruwa, sai ya kai ka da rani. Mu da muka san abin da rafin Aboabo da Subin ke yi wa gidajen da ke bakinsu da damina bai kamata a yi mana wannan ba, amma ana yi. Filin ya shiga inda aka ware wa titi, ko yana ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko dangi biyu suna shari'a a kansa, duk ba za ka ji daga bakinsa ba. Kuma da yake ka ɗauke shi naka, shi zai kawo maka safiyo mai auna fili, shi zai kawo lauya, shi zai kawo takardar binciken da ya ce an yi a Lands, wato hukumar filaye ta gwamnati. Kowace ƙofa da ya kamata ka leƙa da idonka, shi ne a tsaye a bakinta. Wannan cinikin biri a sama ne, ko da kuwa ka taka filin da ƙafarka.

A Kumasi akwai abin da ya wajaba kowa ya sani. Mafi yawan filayen garin nan na sarauta ne, suna ƙarƙashin kujerar Asantehene, babban sarkin Asante. Takardar alokeshan, wato ta ware maka fili, da sarkin gari ke bayarwa matakin farko ce kawai, ba ita ce shaidar mallaka ba. Sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene a Manhyia, a yi takardar haya ta dogon zango, a yi mata rajista a Lands Commission. Alokeshan kan zo da sharaɗin fara gini cikin wani wa'adi, in ya wuce sarki na iya karɓe filin. To idan wanda ke sayar maka ya riƙe tasa shekara da shekaru bai ɗora ko bulo ba, wa zai gaya maka cewa wa'adin ya wuce? Ba dillalin da ke jiran la'adarsa ba. Kundin tsarin mulki na 1992 ya hana a sayar da filin sarauta mallaka ta har abada, abin da ake bayarwa haya ce, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa mai gina gida. Wanda ba ɗan Ghana ba kuwa ba ya wuce shekara 50 a lokaci guda. 'Yan'uwanmu 'yan kasuwa daga Nijar, Najeriya da Burkina Faso su riƙe wannan da kyau. Kuma in filin ya riga ya yi shekaru a hannun wani, ragowar shekarun kake saye, ba sabon lissafi ba.

Sai gidajen gado, waɗanda su ne ciwon cikin Zango. Tsohon gida mai ɗakuna da yawa, magada sun warwatsu, wasu a Accra, wasu a waje. Dillali ya samu ɗaya daga cikinsu mai matsuwa, ya haɗa kai da shi, ya kawo mai saye ya ce ai wannan shi ne babba, kowa ya amince. Ka biya, ka kawo yashi da dutse, sai ga ƙanwar mamaci da 'ya'yan ɗaya ɗakin sun fito da tasu maganar. A gidan gado ka nemi takardar kotu ta masu kula da dukiyar mamaci, ka kuma ji amincewar magada da kunnenka, mazansu da matansu. Dokar filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta kuma ce dukiyar ƙasa da aka samu a cikin aure ba a sayar da ita sai da rubutacciyar yardar abokin zama. Dillalin da ya ce kada a tayar da hankalin uwargida da wannan magana, kai yake jefawa a wuta.

Doka ba ta yi shiru ba. A 2020 majalisa ta zartar da dokar dillancin gidaje da filaye mai lamba 1047, wadda ta kafa hukumar da ke ba dillalai lasisi. Ta hana yin dillancin ba lasisi, ta hana biyan kuɗin ciniki hannu da hannu, sai ta banki, ko cak, ko tura kuɗi ta waya. Yi wa ɓangare biyu aiki a ciniki ɗaya ba da saninsu da yardarsu ba yana cikin abin da ke jawo wa dillali asarar lasisi. Ita kuma doka 1036 ta ce lauya ne kaɗai ke rubuta takardar miƙa mallakar ƙasa, kuma mai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 15. Amma shari'ar fili kowa ya san yadda take cin shekaru da dukiya, kuma yawancin masu yawo da mu a babur suna nuna filaye ba su da ofis, balle lasisin da za a karɓe.

Saboda haka sharaɗina ɗaya ne wanda ba na sassautawa: ba ciniki sai mai saye da mai sayarwa sun zauna ido da ido. A wannan zama a faɗi farashi da baki kowa ya ji, a faɗi la'adar dillali da wanda zai biya ta, a rubuta, shaidu su sa hannu. Ka karɓi Ghana Card ɗin mai sayarwa, wato katin shaidarsa, ka gwada sunan da wanda ke jikin takardun fili. Kuɗi su shiga asusun mai wannan sunan, ba na dillali ba, ko da kafin alƙalami ne. In ya ce mai filin ba ya son a gan shi, ko yana tafiya, ko babban mutum ne ba ya zama da kowa, ka mayar da kuɗinka aljihu ka jira ya dawo. Lauya naka, wanda kai ka nemo kake biya. Safiyo mai lasisi naka, ya je ya auna ya tabbatar taswirar da ke hannunka ta wannan filin ce, ba ta wani can gefe ba. Binciken Lands kai ko lauyanka za ku nema. Sannan ka koma unguwar wata rana ba tare da dillalin ba, ka gaisa da maƙwabta, ka tambayi mai shagon da ke kusa wa ya sani da filin nan, kuma ina ruwa ke bi in an yi sama.

Na san akwai inda ba makawa dillali ɗaya ne ya san ku duka. Ba laifi in an yi a fili: ku biyun ku san yana yi wa kowa aiki, ku rubuta yardarku, kuma daga nan ka daina faɗa masa iyakar kuɗinka ko abin da ya matsa maka. Mai haɗa ku ne, ba mai ba ka shawara ba.

Abin da ke karya mu kunya ce. Ɗan unguwa ne, sahu ɗaya kuke sallah, ko ɗan yayarka ne da kake turo wa kuɗi daga Turai yana aiko maka da bidiyon fili ta WhatsApp. Sai ka ga kamar neman takarda zargi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma a cikinta aka ce a kafa shaida in an yi ciniki. Ga muminai aka saukar da ita, waɗanda suka fi mu amana. Kawu, Yaya, Hajiya, neman ganin mai fili ba cin mutuncin kowa ba ne, kuma dillalin kirki shi da kansa zai kai ka.

A haya ma haka ake yi, a karɓi kuɗin zuwa gani, a ɗora a kan kuɗin ɗaki, a ci kashi 10 a sama, har a ba mutum biyu ɗaki ɗaya. Kada ka biya kuɗin gaba sai a hannun mai gida, da rasit.

Wanda kuma ya riga ya biya wani abu kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tsayar da sauran biyan yau ɗin nan. Kada ya goge saƙonnin MoMo, wato na tura kuɗi ta waya, da takardun banki, da muryoyin da dillalin ya turo masa. Ya nemi mai filin kai tsaye, ya tambaye shi nawa ya sallama kuma nawa ya shiga hannunsa. In za a yi sulhu a gaban liman ko a fadar Sarkin Zango, a rubuta adadin da za a mayar da ranar biya, da sa hannun shaidu. In ranar ta wuce ba a biya ba, ko ta bayyana an sayar wa wani filin, ya ɗauki takardunsa ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma ga lauya kafin ya ɗora bulo ko ɗaya a wurin.