Sikelin manoman koko da tiyar kasuwarmu

Ga 'yan uwa da ke gida, musamman waɗanda har yanzu noma ne abin dogaronsu, ina gaishe ku daga Kumasi ta ƙasar Ghana. A farkon babbar kakar koko, wani maƙwabcina a unguwar Aboabo, Bahaushe haifaffen zango da ke tuƙa motar ɗaukar kaya, ya ce in raka shi wani ƙauye da ke kan hanyar Offinso domin ɗebo buhunan koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su. Mun tarar ana awo a ƙarƙashin wata rumfar kwano, manoma sun yi layi, kowa da ɗan littafinsa na shigar da awo a hannu.

Da layi ya zo kan wata dattijuwa, aka rataya buhunta, akawu ya faɗi nauyinsa, sai ta ce sam ba ta yarda ba. Na zaci zai daka mata tsawa ya ce ta kwashe kayanta, domin abin da idona ya saba gani ke nan. Maimakon haka sai ya sauke buhun, ya ɗauko dutsen awo na ƙarfe daga lungun rumfar, ya rataya shi a gaban kowa, allurar sikeli ta tsaya daidai kan nauyin da aka rubuta a jikinsa, sannan ya mayar da buhunta aka sake awo. Sikelin lafiyarsa ƙalau, kokon ne ya rage nauyi da ya ƙara bushewa, amma babu wanda ya yi mata dariya, shi kuma ya cike mata littafinta ba tare da ya ɗaure fuska ba. Da na tambayi maƙwabcina dalilin wannan ladabi, sai ya ce, "Malam, ai su ne suka zaɓe shi, sikelin ma na ƙungiyarsu ne, kuma ranar taro ƙuri'ar wannan baba ɗaya take da ta mai gona eka hamsin."

Kada wani ya ɗauka cewa mutanen nan sun fi mu tsoron Allah ne. A kasuwar Kejetia ta nan Kumasi gwangwanin awon da suke kira olonka yakan sha bugu a gindi kamar yadda tiyarmu take sha, kuma manoman koko sun daɗe suna kuka da akawunan kamfanonin saye masu taɓa sikeli. Abin da ya bambanta rumfar nan shi ne mai awon yana da iyayen gida, kuma su ne masu kayan da yake aunawa.

Wannan tsari na ƙungiyar gama kai ba a Ghana aka ƙirƙiro shi ba. A shekarar 1844 wasu mutum 28 a garin Rochdale na Ingila, da yawansu masaƙa, suka gaji da 'yan kanti masu yi wa gari algus da tauye awo, suka tara fam guda guda, suka buɗe ɗan kantinsu a titin Toad Lane da gari da sukari da man shanu da kyandir. Ƙa'idojinsu ne suka zama tushen ƙungiyoyin gama kai na duniya: kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa, kaya masu tsabta da cikakken awo, ciniki kuɗi hannu, sannan a raba riba gwargwadon sayayyar da mutum ya yi. A nan ƙasar kuwa, lokacin ana kiranta Gold Coast, sashen aikin gona na Turawan mulki ne ya fara haɗa manoman koko a ƙungiyoyi tun daga 1928, da nufin inganta yadda suke tsima kokon da shanya shi. Manoman ba su tsaya inda aka tsayar da su ba, domin a kakar 1937 zuwa 1938, da manyan kamfanonin Turai suka haɗa baki kan saye, sai suka ƙi sayar da kokonsu na tsawon watanni, suka kuma ƙaurace wa kayan kantunan Turawa. A 1947 aka kafa hukumar cinikin koko ta ƙasa.

Abin da ya karya ƙungiyoyin daga ƙarshe hannun gwamnati ne. A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta rusa su, ta miƙa dukiyarsu da ikon sayen koko ga wata majalisar manoma da ke ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, manomi ya koma ɗan kallo a abin da ya gina da guminsa. Da aka buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu sayen koko a cikin gida, manoma suka kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo a 1993, mai hedikwata a nan Kumasi, wadda ta yi suna da barin kowane ƙauye ya zaɓi mai yi masa awo, har ta kai ga mallakar hannun jari a kamfanin cakulan na Divine da aka fara a Ingila a 1998. Duk da haka farashin buhu hukumar koko ce take yankawa, manoma suna ƙorafi a kansa kowace shekara, ga masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suna cinye gonaki suna mayar da kogin Offin ruwan laka.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen takarda, tunda Najeriya ta samu dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935. Amma ku gaya mini gaskiya, yaushe ake tuna ƙungiya a garuruwanmu in ba an ji ƙishin-ƙishin rabon taki ko rancen gwamnati ba? A dare ɗaya ake rubuta sunaye, shugaba ya sa ƙaninsa ma'aji, kuɗi su fito, kowa ya kama gabansa, ba taro, ba littafi, ba mai tambayar ina aka kwana. Shi kuma manomin gaskiya yana can ya ci bashin kaka tun da damina, ya sayar da masararsa da arha ranar da kowa ke sayarwa, ya dawo ya saye ta da tsada kafin ruwa ya sauka. Ina tuna kwandunan tumatir jere a kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano, rana tana dukansu, dillali yana taya su yadda ya ga dama saboda ya san mai su ba shi da wurin ajiya ba shi da mota. Abin takaicin shi ne mun gaji gayya da adashi daga kakanni, kuma babu daren da ba na kewar kiɗan gangar noma idan na ji ruwa yana dukan kwanon ɗakina, amma mun kasa ɗora wannan gado a kan rajista da zaɓe da binciken asusu.

Kada mu ce sai da koko ake ƙungiya, domin ƙungiyar ajiya da ba da rance ta farko a Afirka an kafa ta ne a 1955 a Jirapa, can arewacin Ghana, ƙasar gero da dawa irin tamu, ba a yankin masu koko ba. Mu Hausawan zango ma muna cikin wannan zargi, domin masu goro da masu albasa da masu shanu kowane rukuni da sarkinsa mai raba rigima da karɓar baƙi, amma da yawanmu har gobe kowa shi kaɗai yake cinikin mota, shi kaɗai yake biyan kuɗin sito, idan albasa ta ruɓe a hanya kuma shi kaɗai yake ɗaukar asara.