Addu'a kai kaɗai da asuba, ko taron gida?

A Damagaram, kafin ladan ya kira sallah, wasu Kiristoci sun riga sun buɗe Littafi Mai Tsarki da tocila. Shirun nan yana da daɗi. Ka karanta Zabura 23, ka gaya wa Allah abin da ba ka iya gaya wa kowa. Amma in hunturu ya kankama, barci kan ɗauke ka, kuma babu mai tambaya.

Taron gida kuwa, ran Laraba da yamma a unguwar Zango, tabarma ce da shayi. Wani lokaci hira kan cinye karatun. Duk da haka wata dattijuwa za ta dube ka ta ce, "Ɗana, makon jiya lafiya?" Ni dai wannan tambayar ce ta riƙe ni shekarar da na yi sanyi a bangaskiya.