Zaman masu barin giya ta salula: ya dace da mutumin Damagaram?

Ƙungiyar masu barin giya da ake kira Alcooliques Anonymes da Faransanci ta faro ne a 1935 a garin Akron na Amurka, inda mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa kwalba. Tsarin bai canja sosai ba. Sharaɗin shiga ɗaya ne, mutum ya so barin sha. Babu kuɗin rajista, babu takardar shaida, sunan farko kawai ake faɗa.

A Damagaram irin wannan zama ba abin da ake kafa wa allo a bakin titi ba ne, don haka mafi kusa da hannun mai nema shi ne zaman da ake yi ta intanet. Shafin ƙungiyar na Faransa yana jera zaman da ake yi ta bidiyo, da rana da lokaci, yawanci ta Zoom. A lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gaban Nijar da awa ɗaya, wato zaman ƙarfe 8 na dare a can ƙarfe 7 ne a nan, kusa da magariba. Sauran watanni agogo ɗaya ne. Zama yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A cika salula da caji tun da rana saboda yankewar kuran, a kashe kyamara don forfe ya daɗe kuma murya ta daina tsinkewa, a sa abin kunne don kada mutanen gida su ji.

Zaman iri biyu ne. Rufaffe na masu matsalar ne kaɗai, buɗaɗɗe kuma mata ko ɗan'uwa na iya saurare. Ana karanta wani abu daga matakai 12 na barin sha da ƙungiyar ta tsara, sai a ba kowa magana bi da bi. Ba a katse mutum, ba a yi masa wa'azi, wanda bai shirya magana ba ya yi shiru abinsa. Wannan ne ƙarfin abin. Mashayi a garinmu ya sha faɗa daga iyaye, surukai da abokai har kunnensa ya toshe, abin da bai taɓa samu ba shi ne wanda zai ce masa "ni ma na ɓoye kwalba a bayan randa." Alkawarin da ake ɗauka ma ƙarami ne, yau kaɗai ba zan sha ba, awa 24. Matakan suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda mutum ya fahimce Shi, abin da bai yi wa Musulmi ko Kirista nauyi ba.

Sai dai raunin a fili yake. Wanda bai ji Faransanci sosai ba zai fita kamar yadda ya shiga. Kuma wanda ke Lyon ta Faransa bai san abin da ake nufi ba idan aka ce ƴan fadarku sun aiko kabu-kabu ya ɗauke ka zuwa mashaya, ko a ce asiri ya tonu a Birni kafin azahar ya isa Zango. Babba kuma, salula ba ta zuwa ƙofar gida da ƙarfe 10 na dare lokacin da sha'awa ta taso.

Wani abin da zaman ba zai yi ba sam: maganin jiki. Wanda ya daɗe yana sha kullum, giya ce ko burkutu ko barasar leda, kada ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Rawar hannu, gumi da amai sukan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana na biyu da na huɗu wasu sukan rikice, su ga abin da babu, zazzaɓi ya hau. Wannan yana kisa, kuma sau da yawa gida sukan ɗauka iska ce. A fara da majo na likitar unguwa ko Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, inda ake ba da maganin kwantar da jijiyoyi, diazepam, bisa awo da bitamin B1. A faɗa wa likita gaskiyar yawan abin da ake sha, da ko ana haɗawa da tramol, domin shi ma yana jawo farfaɗiya.

A can ne kuma ya fi kyau a tambaya, cikin sirri, ko akwai wasu da suka bari kuma suke son haɗuwa. A ƙa'idar ƙungiyar, mutum biyu ko uku sun isa zama. Tabarma, butar shayi, rana ɗaya tsayayya a mako, a ɗakin da shigarsa ba ta jawo tambaya. Kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa na sukari da gawayi, ko dala ashirin ce, ba a karɓar kuɗin wani daga waje. Mata su yi nasu zaman dabam. Kada a buɗe rukunin WhatsApp mai sunan giya, domin salula a gidajenmu tana yawo hannu-hannu.