Wane ma'auni za ka saya don iskar gas marar caji a bakin filasma?

A gefen filasma (gas mai tsananin zafi da ƙwayoyinsa ke ɗauke da caji) na tokamak ko sitelareta, wato na'urorin fiyushan da ke riƙe filasma da maganaɗisu, musamman cikin daibata, sashen da ake fitar da zafi da gas ta nan, yawan gas marar caji shi ke gaya maka ko famfunanka na janye abin da ya kamata, da kuma ko filasmar ta saki bango. Ma'aunin da ka zaɓa zai zauna cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla da yawa (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), kuma a nan yawancin kayan kasuwa ke gazawa.

Ni dai zaɓina ma'auni irin na ASDEX ne (sunan wani tokamak ne ya ɗauka), wanda Haas da abokan aikinsa suka ƙera a cibiyar Max Planck da ke Garching, Jamus. An jera sassansa a layi ɗaya da maganaɗisun: zare mai zafi yana fitar da ilektiron, raga tana tunkuɗa su, su bugi gas, faranti ya tattara ayon, wato ƙwayoyin gas da suka samu caji. Maganaɗisun da ke rikita sauran ma'aunai, shi wannan da shi yake aiki. Yana amsawa cikin 'yan milisakan, ga shi ƙarami, sai ka cusa shi daidai inda kake so. Irinsa aka tsara wa ITER, babban tokamak na ƙasa da ƙasa da ke Faransa.

Amma ka dubi zaren da kyau. Na tangistin yana cin fiye da amfiya 10, kuma wuta mai yawa haka cikin maganaɗisu tana lanƙwasa shi a hankali har ya lalace. Na taɓa rasa ma'auni ta wannan hanya ana tsakiyar zangon gwaji, ba halin buɗe na'ura sai an gama. Shi ya sa nake son wanda ke amfani da sinadarin LaB6 a madadin zaren tangistin, wanda aka gwada a sitelaretar Wendelstein 7-X da ke Greifswald, don wutar da yake buƙata kaɗan ce. In aikinka na dogon harbi ne, wato filasma za ta daɗe a kunne, kada ka yi ciniki a kan wannan.

Akwai wasu hanyoyin kuma. Baratron, ma'aunin da ke jin matsin gas kai tsaye, ba ruwansa da nau'in gas, sai dai dole ya zauna nesa a ƙarshen bututu, labari ya iso a makare. Ka riƙe shi don saiti. Penning, ma'aunin ayon marar zare mai zafi, yana da amfani in hiliyom kake bi. Hasken D-alfa da diyuteriyom (nau'in haidurojin mai nauyi) ke fitarwa a nanomita 656 yana da sauƙin kamawa, amma bangon ƙarfe na mayar da haske ya ruɗe ka. TALIF kuwa, wato haska gas da leza a auna hasken da ya fitar, tsada da wahala.

Sai batun masu sayarwa. Wani zai kawo maka Bayard-Alpert, ma'aunin ayon na yau da kullum, ya ce yana jure maganaɗisu. Tambaye shi tesla nawa, kuma ta wace fuska. Wani takardar saitinsa da naitirojin aka yi ta, ba maganaɗisu, alhali kai diyuteriyom za ka auna. Wannan takarda ba ta da amfani a wurinka. Akwai kuma masu ba ka lambar matsi a faskal su yi shiru kan zafin gas ɗin da suka ɗauka, bayan abin da ma'aunin ayon ke ji shi ne yawan ƙwayoyi. Ka nemi sakamakon gwaji da gas ɗinka, a ƙarfin maganaɗisun na'urarka, kafin ka sa hannu a takardar oda.