Daskararren batirin sodiyam: mai oksijin ko mai farar wuta?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: in an cire ruwan nan mai saurin kama wuta, wanda sodiyam ke ratsawa tsakanin ɓangarorin batir biyu, daga batir aka sa daskararren abu a madadinsa, wanne ya fi bai wa sodiyam hanya, mai oksijin ko mai farar wuta?

Ayon ɗin sodiyam, wato atam ɗinsa mai ɗauke da cajin lantarki, tsalle yake yi daga gurbinsa zuwa wani gurbin da ba kowa, yana kutsawa ta 'yar kafa tsakanin atam da atam. Ga shi ya fi na litiyam jiki, fikomita (ma'aunin tsawo mai matuƙar ƙanƙanta) 102 a kan 76, don haka faɗin kafar ba ƙaramin abu ba ne.

Masu oksijin su ne tsofaffin hannu. Beta-alumina, wani tangaran na sodiyam, aluminiyam da oksijin, wanda masu bincike a kamfanin Ford suka auna saurin sodiyam cikinsa a 1967, hanyarsa a shimfiɗe take tsakanin hawa da hawa, ba damar haurawa sama ko gangarawa. NASICON, wani tangaran kuma, wanda masana Goodenough da Hong suka fito da shi a 1976, hanyoyinsa sun buɗe ta ko'ina, kuma yana jure iska. Sai dai dole a gasa su biyun a zafin da ya haura digiri 1,000 na ma'aunin Celsius, kuma ƙwayoyinsu tauri gare su. Sodiyam zai sheƙa a cikin ƙwaya ɗaya, da ya iso mahaɗarta da ta gaba sai tafiya ta cije.

Masu farar wuta, irin Na3PS4 (haɗin sodiyam, fosfarus da farar wuta) da masana a Osaka ta Japan suka nuna saurinsa a 2012, laushi gare su. Ba sai an gasa da wannan zafin ba, danna garin kawai ake yi ƙwayoyin su manne. Farar wuta kuma ba ta riƙe sodiyam gam kamar oksijin. Amma danshi kaɗan ya taɓa su, sai iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi, sannan suna lalacewa a inda suka haɗu da ƙarfen sodiyam.

In tsaro ne a gabanka, ni dai NASICON zan nuna maka. In sauƙin haɗawa ne, mai farar wuta, muddin masana'antar a bushe take ƙayau. Kuma duk wanda ya kawo maka adadin sauri, ka tambaye shi: na cikin ƙwaya ne ko na dunƙulen duka har da mahaɗai? Sau da yawa tazarar tana da yawa.