Wasiƙa Zuwa Ga Baffa: Yadda Na Tarar Da Ƙira A Jihar Ohayo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Baffa yana lafiya tare da iyali da dukan yaran maƙera. Kun aiko a tambaye ni ko akwai maƙera a Amurka, kuma idan akwai, da me suke aiki, yaya suke samun kayan aikin, su wa ke sayen abin da suka ƙera. Na jinkirta amsa har sai da na shiga cikinsu na gani da idona, domin ba magana ce da ta kamata a kawo muku ita da jita-jita ba.

Akwai maƙera, Baffa, kuma suna da yawa, sai dai mafi yawansu ba da ƙira suke ci ba, ba kuma gadonta suka yi ba. A cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da direbobi da tsofaffin sojoji da 'yan fansho, har da mata, waɗanda ke hura wuta a garejin gida ranakun Asabar da Lahadi don sha'awa kawai. Sana'ar ta kusa mutuwa a ƙasar nan a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da masana'antu da tarakta da walda suka kwashe aikin maƙerin ƙauye. A 1973 wasu 'yan tsirarun maƙera suka taru a garin Lumpkin na jihar Jojiya suka kafa ƙungiyar maƙeran Arewacin Amurka mai suna ABANA domin kada ilimin ya tafi da tsofaffi, daga nan kuma ƙungiyoyi suka yaɗu a jihohi. Wani shirin talabijin na gasar ƙera wuƙaƙe da aka fara a 2015 ya ƙara jawo samari da dama. A nan Ohayo akwai ƙungiyar maƙera mai suna SOFA mai mazauni a garin Troy, wadda ke shirya babban taro duk watan Satumba, inda maƙera daga jihohi da yawa ke zuwa da motoci cike da tsofaffin kayan aiki na sayarwa.

Abin da ya fi jan hankalina a taronsu na wata-wata shi ne teburin da kowa ke ɗora abin da ya ƙera tun haɗuwar da ta wuce. Mai koyo yakan kawo ƙugiyar rataya tufafi ko ɗan ganyen ƙarfe na riƙe makulli. Wanda ya ɗan yi nisa yakan kawo awartakin da ya ƙera wa kansa, ko gatari, ko sandar tona wuta. Gwanayensu kuwa suna kawo wuƙar da aka haɗa ƙarfe iri biyu a cikinta, aka yi ta ninkewa ana bugawa, sa'an nan aka tsoma a sinadari har zane mai kama da igiyar ruwa ya fito a jikinta. Kowa zai ɗauki aikin ɗan'uwansa ya jujjuya, ya tambayi zafin da aka ba shi da irin ƙarfen da aka yi amfani da shi, kuma ba a ɓoye amsa. Har wanda wuƙarsa ta tsage a wajen taurarawa yakan kawo ta a karya, a duba ƙwayar ƙarfen a gane inda wuta ta yi yawa. Bayan haka sai a shiga labarin maƙera: wannan ya zuba siminti a ɗakinsa, wancan ya gama bututun fitar da hayaƙi, wani kuma ya tayar da tsohon injin masaba ƙirar Little Giant, wanda ya girme shi, bayan ya daɗe yana neman kayan gyaransa. Na ga dattijo mai furfura yana murna da sabon ɗakin ƙirarsa fiye da yadda ya yi maganar gidansa, kuma murnar ta ratsa ni, domin na taso a inda yara da yawa ke gudun maƙera.

Kan batun kaya, bari in fara da ƙarfe, domin nan ne bambancin ya fi girma. A gida, Baffa kan aika Ƙofar Ruwa ko wajen 'yan gwangwan a zaɓo sifirin mota da rodi da tsohon shafta, ya buga ya saurari ƙara, ya sa a wuta ya ga yadda yake bi, sa'an nan ya yanke hukunci. A nan ana sayen ƙarfe ne da lambarsa, kamar yadda ake sayen magani a kemis da sunansa. Mai lamba 1018 mai taushi ne, na ado da ƙofofi, ba ya riƙe kaifi. Mai lamba 1084 da 1095 na wuƙa ne. Mai lamba 4140 ana yin masaba da shi, 5160 kuwa shi ne irin wanda aka saba yin sifirin mota da shi, wato abin da hannunku ya daɗe da sani ba tare da lamba ba. Mutum yana zaune a gida zai yi oda ta intanet, cikin 'yan kwanaki a ajiye masa a bakin ƙofa, kuma yana da takardar da ta faɗi zafin da zai ba kowane iri. Wannan sauƙi ne na gaske, ban kuma raina shi ba, domin yana rage asarar gawayi da ta lokaci. Amma na lura da yawansu, idan aka miƙa musu guntun ƙarfe marar lamba, sai su tsaya suna shakka, abin da ƙaramin yaronku zai gane cikin bugu biyu.

Uwar maƙera kuwa ita ce abin da ya fi tsada, kuma ita ce abin alfaharinsu. Ta nan ba irin tamu ba ce mai kai ɗaya da ake kafawa a ƙasa. Tana da faffaɗan baya da ƙaho da ramuka biyu na sa kayan yanka da huda, ana ɗora ta a kan kututture, maƙeri yana aiki a tsaye. Ana cinikinta ne da nauyi, dala kaza kowace laba, kuma mai laba 150, wato kimanin kilo 68, idan tsohuwa ce mai lafiya, kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Waɗanda ake rububi su ne Peter Wright ta Ingila da Hay-Budden ta Niyok, da kuma Trenton da Arm and Hammer, waɗanda a nan Kolumbus inda nake zaune aka riƙa ƙera su a farkon ƙarni na 20. Mai saye yakan saki ƙwallon boris a kanta ya ga iyakar tashinsa, idan ya dawo kusa da hannu to fuskarta na da tauri. Akwai masu araha na ƙarfen zubi a manyan kantuna, amma maƙera ba sa ƙaunarsu, domin suna shanye bugu kuma gefensu yana ɓantarewa.

Ta wajen wuta, kaɗan ne ke amfani da gawayin itace, kuma ban ga wanda ya kama ƙafar na ƙirya ba wajen nauyi da daɗewa. Gawayin gasa nama da ake dunƙulawa a masana'anta ba ya yi wa maƙeri amfani. Wasu suna sayen kwal daga yankin Pensilbeniya da Bajiniya ta Yamma a buhu mai laba 50, amma hayaƙinsa yana haɗa su da maƙwabta, don haka mazauna gari suka koma gas. Akwatin ƙarfe ne da aka lulluɓe cikinsa da abin riƙe zafi, ana haɗa shi da tukunyar gas mai laba 20 da ake musanyawa a gidan mai ko kanti. Ba hayaƙi, ba yaron zuga, amma yana dumama ƙarfen gaba ɗaya, ba ya ba maƙeri damar zafafa bakin gatari kaɗai yadda wutar gawayi ke yi.

Inda na fi so Baffa ya tsaya ya duba shi ne batun hidima. Koyon ƙira a nan da kuɗi ne: kwana biyu a hannun gwani yana cin ɗaruruwan daloli, kuma akwai makarantu irin ta John C. Campbell a Karolina ta Arewa da mutane ke zuwa su kwana mako guda suna koyo. Abin da aka ƙera da hannu kuma kayan marmari ne, wuƙar girki guda ta maƙeri sananne tana iya fin ta kanti tsada ninki goma. Amma duk da wannan daraja, manomi ko mai lambu da kayan aikinsa ya karye ba shi da maƙerin unguwa da zai kai wa. Jefarwa yake yi ya sayi sabo, domin ladan awa ɗaya na mai gyara ya fi kuɗin kayan. Yawancin waɗanda suka rage suna rayuwa da wuta da masaba su ne masu sa wa dawaki takalmi, musamman a yankunan mutanen Amish da har yau ke noma da tafiya da doki, sai masu ƙera ƙofofi da shingayen ado. Wato abin da ke faruwa a gabanku kowace bazara, manomi ya zo da garma ko fartanya ya zauna a gyara masa daidai da tsayinsa da irin ƙasar gonarsa, ya biya abin da ya sawwaƙa ko ya bari sai kaka, babu shi a nan ko da kuɗi. Da na kwatanta musu haka, tambayoyi suka yi ta yi mini a kan siffar garma da yadda ake sa ƙota, domin yawancinsu ba su taɓa ƙera abin da wani zai nemi abinci da shi ba. Na kuma gaya musu cewa tarihin Kano kansa yana farawa ne da maƙeran da suka zo Dutsen Dala neman tama, kuma har yau akwai Sarkin Maƙera, abin da ya ba su mamaki ƙwarai.

Suna da nasu wahalhalun. Dokar gari tana iya hana mutum hura wuta ko buga ƙarfe a unguwar zama, kamfanin inshora yana iya ƙara masa kuɗin gida, tsintar ƙusoshin layin dogo laifi ne domin mallakar kamfanin jirgi ne, da hunturu kuma sai an ɗumama uwar maƙera kafin a fara aiki, in ba haka ba sanyinta ya zuƙe zafin ƙarfe nan take.

Game da abin da kuka ce in duba ko akwai na kawowa gida, ga ra'ayina. Injinan lantarki ba su dace ba, domin wutar nan bolt 120 ce, tamu kuwa 230, ga kuma rashin tsayawarta. Uwar maƙera nauyinta zai cinye ribarta a kuɗin jirgi. Abin da ya cancanta ƙanana ne. Na farko gilashin kare ido, wanda a nan ba a barin kowa ya matso kusa da wuta babu shi, kuma ina roƙon Baffa ya tilasta wa yara sa shi, musamman a wajen giranda. Na biyu hodar boraks, wadda suke saye a sashen kayan wanki su barbaɗa wa ƙarfe biyu da za a haɗa a wuta, tana hana datti shiga tsakani. Akwai kuma dabaru biyu da ba sa bukatar jirgi. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas, don haka wajen taurara wuƙa mai koyo zai iya gwadawa da shi, ya ƙara wuta kaɗan, sa'an nan ya tsoma a mai. Bayan tsomawar kuma suna mayar da wuƙa cikin zafi kimanin digiri 200 na tsawon awa ɗaya ko biyu, domin ta rage gautsi ta daina karyewa. Suna kuma gargaɗi mai tsanani a kan sa ƙarfe mai farin rufin hana tsatsa a wuta, irin na bututun ruwa da kwanon rufi, domin farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Wannan ya dame ni, don na san irinsa yana yawan shigowa cikin kayan 'yan gwangwan.

Zan ba mai zuwa gida gilasan da hodar da magagari masu kyau ya kawo muku. Ni kuma ina da roƙo: a ƙera mini ƙaramar fartanya da lauje da aska, a bar fartanyar ba ƙota domin ta shiga jaka, kuma a sa ɗaya daga cikin yara ya ɗauki hoton bidiyo da waya tun daga zuga har gamawa, domin maƙeran nan sun nemi in nuna musu a taronsu, musamman yadda kuke aiki a zaune da yadda ake kaɗa zugazugi biyu da hannu. A gaishe mini da Inna da kowa da kowa. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana.